Miyar da ta ci min dubu 12 a albashi

Jiya na miƙa afron ɗina da hular kicin, shekara 4 da wata 7 kenan a otel ɗin nan, kuma tun da na fito mutane ke tambayata wai me na koya. Gaskiya na koyi abu da yawa amma in na zauna na tuna, tukunya ɗaya ce take fara faɗo min a rai, tukunyar miyar fis ɗin nan ta watan Janairu.

Wanda bai sani ba, ba ɗanyen fis ɗin da ake zubawa a firayid rais nake nufi ba. Busasshe ne, an cire masa ɓawo ya rabe gida biyu kamar an surfa wake za a yi alala, akwai kore akwai rawaya, a leda ake sayar da shi a manyan kantuna rabin kilo rabin kilo. Turawa suna dafa shi har ya narke ya zama miya mai kauri su sha da burodi lokacin sanyi. In ka taɓa cin gbegiri a bukar Yarbawa a Sabon Gari to ka kusa gane kamanninta, sai dai ita ba manja.

Lokacin ina wata na biyar da fara aiki, hunturu ya sauko sosai har leɓe na fashewa, muna da baƙi ’yan ƙasar Holan su 12 da suka zo wani aiki suka kwana biyu a wurinmu. Ɗaya daga cikinsu ya ce wa manaja yana marmarin miyar garinsu, wai su snert suke ce mata, kuma a can ba ta cika miya ba sai an soka cokali ya tsaya cak a tsakiya. Manaja ya ce ai ba matsala, ya faɗa wa oga shef tun da safe. Shi kuma oga bai faɗa min ba sai bayan la'asar, wajen ƙarfe 5, abinci kuma ƙarfe 7 da rabi. Ya jefo min leda 3 daga sito ya ce, kai yaro dafa wannan kamar wake, ya wuce.

Laifina na farko ban ɓoye ba kuma ba zan ɓoye ba. Ni a kaina miya ba tumatir ba miya ba ce, haka aka taso da mu, sai na markaɗa tumatir na zuba tun farko tare da fis ɗin. Ashe tsamin tumatir yana hana shi nuna, haka lemon tsami, duk wani abu mai tsami sai a ƙarshe ake sa shi in ma za a sa. Ga shi kuma ledojin nan sun fi shekara a sito, kuma tsohon fis ko ba tumatir wuyar nuna gare shi. Awa ɗaya da kwata yana tafasa na ɗebo na latsa da yatsa, wallahi kamar tsakuwa.

Na je na samu oga yana waya a bakin ƙofar baya, na ce ranka ya daɗe abin nan fa ya ƙi. Ko kallona bai yi ba ya ce, to sa kanwa mana, kai ba a dafa wake a gidanku ne. Da kunnena na ji, kuma Inna mai wanke-wanke tana wajen ita ma ta ji. Na jiƙa kanwa guntu mai ɗan girma, saboda sauri nake, na tace na zuba. Minti 15 ba a yi ba ya narke kam, amma koren nan ya koma wani irin kalar ƙasa-ƙasa, na ɗanɗana na ji bauri da ɗanɗanon sabulu a maƙogwaro. Ina cikin wannan ruɗewar na ƙara wuta wai ya yi kauri da wuri, na juya na je yanka burodi, kafin na dawo ya kama. Ni kuma don rashin sani na sa ludayi na kankare gindin tukunyar na juya, ƙaurin ya bi miyar gaba ɗaya. Inna ta ce ɗan nan ai da ka juye a wata tukunyar ka bar ƙanzon, amma lokacin aikin gama ya gama.

Haka aka kai. Kwano 12 suka fita, 11 suka dawo kusan yadda suka tafi, mutum ɗaya ne ya daure ya shanye, har yau ina masa addu'a.

Manaja ya shigo kicin yana huci. Oga ya ɗauki cokali ya ɗanɗana kamar bai san komai ba, ya yamutsa fuska ya ce, kanwa? Wa ya ce ka sa kanwa a abincin Turawa? Na buɗe baki na kasa magana, na kalli Inna ta sunkuyar da kai tana cuɗa faranti, kuma ban ga laifinta ba, marayu 3 take riƙo da aikin nan. Aka ba ni kwiri, wato takardar tuhuma, washegari, aka cire min dubu 12 a albashi wai kuɗin kayan da na ɓata, a lokacin kusan kashi ɗaya cikin uku na albashina kenan. Abin da ya fi min ciwo ba kuɗin ba ne, sati biyu oga yana kirana Mai Kanwa a gaban ’yan koyo har sunan ya bi ni, wasu sababbin ma'aikata har na tafi ba su san asalin sunan ba.

Haushi ne ya sa na koye ta, ba son aiki ba, gara na faɗi gaskiya. Na sayi leda ɗaya da kuɗina na kai gida, na yi ta gwadawa a ƙaramin risho ranar hutuna, ƙannena suna cewa yaya wannan wane irin fate ne. Sau 4 na yi kafin ta zauna.

Abin ma ba wuya ashe. Rabin kilo na fis, ruwa kamar lita 2. Ka tsince ka wanke har ruwan ya daina fari, ba ya buƙatar jiƙo in sabo ne, in ka san ya daɗe ka jiƙa shi ya kwana. Su can da naman alade suke yi da tsiran alade, mu kuwa ƙashin saniya mai ɓargo nake sawa da ɗan naman da aka banda, shi ke kawo ƙamshin hayaƙin nan da suke nema. Da ya fara tafasa kumfa za ta taso fara, ka kwashe ta, sannan ka rage wuta can ƙasa yadda zai riƙa ɓul ɓul a hankali. Albasa, karas, seleri, dankalin Turawa guda biyu, lawashi, duk a kasuwar Yankaba na samo su da sassafe. Kuma ka riƙa juyawa har ƙasa duk bayan minti 10, musamman in ya fara kauri, don a nan yake cin amana. Awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi zai narke da kansa ba blanda ba komai. In ta kwana ta fi daɗi, sai dai za ta daskare kamar tuwo, ka ɗan ƙara ruwa wajen ɗumamawa.

Sauran darussan gajeru ne. Duba kwanan watan leda kafin ka fasa. In babba ya ba ka umarni a kicin ka maimaita da ƙarfi yadda mutum uku za su ji. Kar ka ranta wa mai sito kuɗi.

Hunturun da ya zagayo wasu baƙin suka sake tambayar miyar, oga ya ce babu kayan, ni kuma na ce akwai, zan yi. Na yi ta tun da dare na ajiye ta kwana. Da aka kai wani dattijo a cikinsu ya soka cokali ya tsaya, ya tafa, ya ce a kira masa shef. Oga ya gyara hula ya fita ya karɓi godiya har da hoto, ni ina leƙe ta tagar miƙa abinci. Daga nan aka sa ta a menu duk Disamba da Janairu, shekara 3 ni kaɗai ke yinta, bai taɓa ɗora tukunyarta ba ko sau ɗaya.

Shekaranjiya da oga ya ji da gaske tafiya zan yi sai ya kira ni gefe, murya ƙasa-ƙasa har da ce min malam, wai in rubuta masa yadda ake miyar nan saboda yara. Na karɓi biro na rubuta komai tsaf ban rage ko gishiri ba. A ƙasa na sa da manyan baƙaƙe BA A SA KANWA, na ja layi biyu, na sa hannu Mai Kanwa, na manna a jikin firij inda kowa zai gani.