Abin da shafin Hajiya ya koya mini

Ranar Juma'ar da ta wuce na mayar da kwamfutar ofis da mabuɗin durowa, na yi sallama da abokan aiki, na hau trotro, motar haya, daga Circle zuwa Nima a nan Accra. Shekara huɗu na yi ina rubuta wa 'yan kasuwa shafukan intanet don Google ya ɗaga su sama. Waɗanda muka zauna ɗaki ɗaya sun san yadda aikin yake, ba sai na tsaya lissafi ba. Ƙannena na zango da ke koyon sana'ar ne suka matsa in rubuta musu abin da na fito da shi. Da na zauna rubutu sai na ga duk inda na bi, maganar tana komawa ga azumin 2024 da shafin wata Hajiya.

Shagonta yana bakin kasuwar Nima. Abaya, jallabiya, mayafi, turare, kayan lefe. 'Yarta ce ta dage a buɗe mata shafi, a 2022 aikin ya faɗo hannuna. Da farko na yi yadda aka koya mini: na buɗe Keyword Planner, ma'aunin Google na kalmomin da mutane ke nema, na kwaso kalmomin da ya nuna ana yawan nema, irin su "modest fashion" da "Islamic clothing", na jera su a kanun shafi. Wata uku shiru. 'Yan kaɗan da suka leƙo ma daga Ingila da Amurka suke, ba wanda zai zo Nima sayen mayafi.

Wata Laraba, ranar kasuwa, na je ɗaukar hoton sabon kaya, ruwa ya tsare ni a shagon. Ina zaune kan benci, ina jin wayar Hajiya ba ta hutawa, mata na shiga suna fita. Ba wadda ta faɗi kalma ko ɗaya cikin waɗanda na zuba a shafin. "Hajiya, akwai mayafin amarya mai dutse?" "Nawa ne abayar Dubai?" "Jallabiyar yaro ɗan shekara biyar fa?" Na sayi littafin rubutu na 'yan makaranta a shagon maƙwabta, na fara rubuta duk abin da na ji, yadda aka faɗe shi. Da na koma ofis na buɗe Search Console, inda Google ke nuna wa mai shafi ainihin abin da mutane suka buga kafin su gan shi. Ga su nan a can ƙasa: "mayafi price in ghana", "abaya shop nima", jallabiya da rubutu kala uku, wani da "l" ɗaya, wani da "ia" a ƙarshe. Mutanenmu da Turanci suke buga jimla, amma sunan kayan da Hausa suke saka shi. Keyword Planner kuwa yana nuna waɗannan kalmomi kamar ba mai nemansu, domin ma'auninsa na masu talla ne, ƙaramar kasuwa irin tamu ba ta cika masa ido.

Na rushe shafin na sake shi. Kowane kaya da sunan da ake kiransa, a kanun shafi sau ɗaya, a layin farko sau ɗaya, a bayanin hoto, sai kuma farashi da awo da irin yadin da yadda ake biya ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya. Na yi wani kuskure a nan da ya kamata in ambata: na rubuta sunan garinmu yadda muke faɗa a zango, Ankara. Sai Google ya riƙa nuna mu ga masu neman atamfa, tunda haka 'yan Najeriya ke kiranta, ga kuma babban birnin Turkiyya da ke da sunan. Na mayar da shi Accra. Kafin shekara ta zagayo, in ka nemi mayafi a Ghana, shafin Hajiya na cikin na farko-farko. Ana kiranta daga Madina, daga Ashaiman, har daga Aboabo a Kumasi. Duk sanda na bi ta ƙofar shagon sai ta tsayar da ni, ta sa a sayo mini koko da ƙosai. Ban taɓa yin aikin da na ji daɗinsa kamar wannan ba.

A ƙarshen 2023 aka kawo mana sabon manaja. Mutum ne mai iya magana a gaban masu kuɗi. Yana shigowa ya fara yi wa kowa alkawarin fitowa a shafin farko na Google cikin wata uku, ya kuma shawo kan 'yar Hajiya su ƙara kuɗi, wai zai sa su mamaye kalmar abaya a Ghana kaf kafin azumi. Ya kira ni ofishinsa ya zayyana abin da yake so. A maimaita "abaya in Accra" a kowane sakin layi. A yi wa kowace unguwa shafinta, Nima, Maamobi, Fadama, Sabon Zango, Kasoa, har unguwa arba'in, rubutu ɗaya, sunan unguwa kawai ake canzawa. A ƙasan kowane shafi a zuba kalmomi da farin rubutu a kan farin fili, mutum ba ya gani, injin Google na gani. A kuma cika akwatin kalmomi na bayan shafi, wanda mai karatu ba ya gani.

Na san duk wannan tsohon yayi ne. Tun 2009 Google ya fito ya ce ba ya duba wannan akwatin wajen jera shafuka. A 2011 ya kawo gyaran da ake kira Panda, ya kwashe ƙafar shafukan da ba su da komai a ciki. A 2012 Penguin ya biyo, ya bi ta kan masu cushe kalmomi da masu sayen mahaɗa daga wasu shafuka zuwa nasu. Daga 2019, da gyaran da ake kira BERT, injin ya fara fahimtar jimla gaba ɗayanta, ba ƙirga kalma yake yi ba. Ɓoye rubutu da ƙirƙiro shafukan unguwanni na ƙarya kuwa, a rubuce suke cikin dokokin Google a matsayin zamba, kowa na iya karantawa. Na faɗa masa haka, a tsaye, da baki. Ya ce, "Ni ake tambaya sakamako, ba kai ba. In ba za ka iya ba, akwai yara a waje da ke neman kujerarka." Lokacin matata na da ciki wata bakwai, mai gidan haya yana neman kuɗin shekara biyu a dunƙule, yadda aka saba a garin nan. Na koma kujerata na yi. Dare uku na kwana a kai. Ina rubutawa ina jin ƙyamar jimlolin, domin ba ɗan Adam da ke magana haka.

Abin da ke yaudarar mutane da wannan hanya shi ne takan yi aiki na ɗan lokaci. A Janairu da Fabrairu shafukan suka hau. Manaja ya nuna zanen hawan nasu a taron Litinin, aka tafa masa. Hajiya ta ga waya ta ƙaru, ta aika Dubai aka ninka mata odar abaya, a lokacin da sidi ke ta faɗuwa a gaban dala. Wani ɓangaren kuɗin bashi ne.

Ranar 5 ga Maris 2024 Google ya fara wani babban gyara tare da sababbin dokokin yaƙi da shafukan bogi, gyaran da ya ɗauki kwana 45 kafin ya kammala. Mako guda bayan farawarsa aka ɗauki azumi. A satin farko na azumin, bayan sahur, na buɗe Search Console na tarar da saƙo: ma'aikacin Google ya duba shafin da idonsa, ya ga ɓoyayyen rubutu da cushen kalmomi, an hukunta shi. Na buga "mayafi" a wayata, na bi shafi na ɗaya, na biyu, na biyar. Babu mu. Ba sababbin shafukan kaɗai suka tafi ba, har tsofaffin da na gina daga littafin nan. Masu sayar da tufafi a zango sun san abin da watan azumi yake nufi. Cinikin shekara ne.

Hajiya ta zo ofis da 'yarta, da azumi a bakinta, ta hawo bene hawa biyu tana haki. Manaja ya ba ta kujera, ya sassauta murya, ya ce yaron da ke kula da shafin ne ya yi wani gwaji ba da saninsa ba, kuma kamfani zai ɗauki mataki. Ina tsaye a bakin ƙofa. Hajiya ba ta ko kalle shi ba. Ta juyo gare ni ta ce, "Ɗana, kai ne ka yi?" Na ce, "Ni na rubuta, Hajiya." Gaskiya ce, amma rabinta. Sauran rabin ya tsaya mini a maƙogwaro, saboda ba ni da takarda ko saƙo ɗaya da ke nuna an umarce ni, kuma ina tsoron kujerata. Ta yi shiru, ta gyara mayafinta, ta ce, "Allah ya kyauta." Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

An yanke mini rabin albashin wata biyu. Ban damu da wannan ba kamar yadda na damu da kayan da ke jibge a shagon. Na share shafuka arba'in ɗin, na cire ɓoyayyen rubutu, na mayar da kowace jimla yadda mutum zai faɗe ta, na rubuta wa Google takardar neman sake dubawa, na faɗi abin da aka yi ba tare da kwana-kwana ba. Amsa ba ta zo ba sai da aka sha ruwa, aka yi Sallah. An ɗage hukuncin, amma ɗage hukunci ba ya mayar da kai inda kake. Sai bayan babbar Sallah shafin ya fara farfaɗowa, lokacin Hajiya ta riga ta karya farashin abayoyin don ta biya bashi, ta kuma janye aikinta daga wurinmu. Manajan yana nan har yau. An ma ƙara masa girma. Na ci gaba da gaishe shi kullum da safe fiye da shekara, kuma ban yafe ba tukuna, ina dai roƙon Allah ya ba ni ikon yi.

Laifina ban ɗora wa kowa ba. Na sani, na kuma aikata. Wanda bai sani ba yana da uzuri, ni ba ni da shi. Don haka abin da nake fara gaya wa ƙannena ba na kalmomi ba ne: duk umarnin da ka san zai cuci mai shafi, ka ce a turo maka a rubuce, ka mayar da amsarka a rubuce. Yawancin masu ba da irin wannan umarni ba sa yarda su sa hannu.

Sauran abubuwan gajeru ne. Kanun shafi kada ya wuce harafi sittin ko kusa da haka, in ya wuce Google na datse shi. Shafi ɗaya, buƙata ɗaya. Mai buga "nawa ne" ya kusa saye, ka ba shi farashi, kada ka ba shi tarihin abaya. Mutanenmu ba sa buga ƙ da ɗ da ɓ a waya, ka san da haka in kana rubutu da Hausa. Ƙaramin shago ya fara da gyara bayaninsa a taswirar Google, da lambar waya da lokacin buɗewa, kafin ya kashe sidi ɗaya a kan wani abu. Duk wanda ya yi maka alkawarin lamba ɗaya a Google, ka riƙe kuɗinka, domin Google da kansa ya ce ba mai iya ba da wannan tabbaci. Ka karanta abin da ka rubuta da ƙarfi. In kunyar faɗarsa a gaban mai shago ta kama ka, goge shi.

Kafin in ajiye aiki na je Nima na faɗa wa Hajiya sauran rabin maganar. Ta saurare ni har na gama, tana ninke mayafai. Ta ce ta sani tun ranar, a fuskata ta gani, abin da ya ɓata mata rai shi ne na tsaya ana ƙarya a gabanta ban buɗe baki ba. Ba ta ce in dawo mata da aikin shafin ba, ni ma ban roƙa ba. Da zan tafi ta ce yanzu 'yan mata sun daina cewa abayar Dubai, wani suna suke kiran sabon ɗinkin da shi, ta faɗa mini. Littafin yana cikin jakata, na ciro shi na rubuta.