Muryar da na goge

Jiya na miƙa makullin ofis. Shekara biyu na yi ina rubuta maganganun harshen Ndyuka da aka naɗo a ƙauyukan kogin Tapanahoni na ƙasar Surinam, kuma abu ɗaya ne har yau yake ci mini tuwo a ƙwarya.

Farkon zuwana aka ba ni sautin kuutu, wato zaman shawarar dattawa. Duk wanda yake jawabi, akwai mutum guda da ke amsa masa bayan kowace gaɓa: "iya", "na so". Pikiman suke ce masa. Shugabar aikinmu ta ce surutu ne, in cire. Na cire. Wata huɗu ina share bawan Allah daga takarda.

Ranar da aka karanta wa wani dattijon Okanisi (haka mutanen Ndyuka suke kiran kansu) rubutun, sai ya tambaya: shi wannan da wa yake magana? A wurinsu jawabin da ba mai amsawa bai zama jawabi ba. Kakanninsu bayi ne da suka tsere daga gonakin rake, suka yaƙi Turawan Holan har aka yi sulhu a 1760, kuma da irin wannan zama suke tafiyar da al'amuransu, tun daga ƙauye har gaban Gaanman, babban sarkinsu, a garin Diitabiki. Ni kuwa da na tashi ina jin "na'am" da "haka yake" a zauren mai unguwa, ni ne na goge.

A taron mako Shugaba ta ce kuskuren mai rubutu ne. Ban ce uffan ba. Saƙonta na umarni yana nan a kwamfutata, ban share wannan ba.

Sauran darussan ba su da zafi. Kada ka shiga da Sranan Tongo, harshen mutanen birni, kana zaton ka iya Ndyuka: can ruwa "watra" ne, nan "wataa", kuma kunnen Bahaushe ya fi na Shugaba jin wannan jan wasali. Kada ka ce musu "Juka", zagi ne a bakin mutanen birni. Rubutun Afaka, wato tsarin rubutun Ndyuka mai alamomi 56, ka koye shi ko don dattawa su saki jiki.

Pikiman dai na mayar da shi layi-layi, da dare, ba ko sisi. A rahoton ƙarshe an gode wa "ma'aikatan rubutu".