Lambun gidan marayu: abin da za a shuka da yadda zai kai tukunya

Wanda ya leƙa ɗakin ajiyar abinci na gidan marayu bayan azumi zai tarar da buhunan shinkafa, taliya, sukari da jarkokin mai. Ganye da kayan gina jiki ne masu sadaka ba su cika kawowa ba, saboda ba sa ajiyuwa. Wannan giɓin ne aikin lambu, don haka kada a ɓata ɗan filin da ake da shi wajen shuka masara.

Shinge ne farko, kafin iri. Akuyar maƙwabta guda ɗaya ta isa ta cinye wahalar wata biyu kafin la'asar. Sai a ja fangali huɗu ko biyar, kowane faɗin mita 1, tsawon mita 3, yadda yaro ɗan shekara takwas zai kai hannu tsakiya ba tare da ya taka shuka ba. A zuba bokiti biyu na taki ruɓaɓɓe a kowanne. Ɗanyen kashin kaji ƙona tsiro yake yi, sai ya daɗe a rami ana juya shi har ya ruɓe warin ya tafi.

Alayyafo ya kamata a fara da shi, domin cikin mako huɗu an soma tsinka, kuma yara ba su da haƙurin jiran shuka mai daɗewa. Irinsa ƙanana ne ƙwarai, sai a cuɗa shi da yashi kafin a yafa, in ba haka ba ya fito a cunkushe, duk a tsamure. Daga nan rama, yakuwa, kuɓewa da wake. Zogale kuma a jera shi jikin katanga. Idan ya kai ƙugun babban mutum a datse kansa don ya yi rassa, maimakon ya tafi sama inda tsinko zai gagara. In ƙwari sun sauka, a daka ganyen darbejiya a jiƙa ya kwana, a tace a fesa da yamma. Maganin feshi na kasuwa ba na wurin da yara ke tsinka su kai baki ba ne.

A madafa aka fi yin asara. Zogalen da aka shanya a rana ya rasa kaso mai yawa na sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A. Inuwa ake shanya shi, a kan tabarma mai tsabta. Kanwa da doguwar dahuwa suna kashe bitamin C. Ganyen kuma yana buƙatar ɗan maiƙo kafin jiki ya amfana da shi, shi ya sa kwaɗon zogale da ƙuliƙuli da tumatir ya fi garin zogale da aka barbaɗa a koko. Shayi a ba shi tazara da abinci, yana hana jiki karɓar sinadarin ƙara jini.

Ga ƙanana, lambu kaɗai bai wadatar ba. A haɗa garin kunun da ake kira Tom Brown: kwano 6 na gero ko dawa, 3 na waken suya, 1 na gyaɗa, a soya kowanne daban sannan a niƙa tare. Duk wata a auna kaurin damtsen yara daga wata 6 zuwa shekara 5 da tef ɗin awo. Ƙasa da santimita 12.5 tamowa ta fara. Ƙasa da 11.5, ko kumburin ƙafafu biyu, asibiti za a nufa a ranar, ba kunu ba.

Lambunan nan galibi a bazara suke mutuwa, lokacin da rijiya ta ja baya kuma wanda ya kawo shawarar ya daina zuwa. A ba kowane fangali yara huɗu da ma'aikaci ɗaya mai kwana a gidan, su zana allonsu da fenti su rubuta ranar shuka. Kafin zafin Maris a rufe ƙasar da busasshiyar ciyawa, a mayar da ban ruwa safe da bayan la'asar.