Godiya bayan mako tara a Los Angeles

Assalamu alaikum. Alhamdulillahi, na dawo gida lafiya, gajiya ta fara sakina, bari in sauke nauyin godiyar da ke kaina.

Masu tambaya ina na shiga, shirin binciken ɗalibai na RIPS na je, wanda cibiyar lissafi ta IPAM a Jami'ar UCLA take gudanarwa tun 2001. Mako tara ne, daga Yuni zuwa Agusta. Ana haɗa ɗalibai huɗu-huɗu, kamfani ya kawo matsalar da ta sha masa kai, a ba ku malami mai sa ido. Mu an ce mu yi hasashen ranar da inji zai lalace, daga bayanan da na'urorin auna zafi da girgiza suke tarawa.

Godiya ta farko ga malamar da ta kula da mu. A mako na huɗu muka je wurinta baki har kunne, wai tsarin da muka gina da wuya ya yi kuskure. Ta daɗe tana kallon kwamfutar, sannan ta ce in nuna mata yadda na raba bayanan da ake koyar da kwamfuta da su da waɗanda ake gwada ta da su. Ashe cakuɗa su na yi ban bi jerin ranaku ba, kwamfutar tana leƙa gobe ta ba da amsar yau. Satar amsa ke nan, kuma ni na buɗe mata ƙofa. Malama ba ta ɗaga murya ba. Kujera ta jawo, muka sake rabawa bisa lokaci, sakamakon ya zube warwas. Daren nan ko abinci ban iya ci ba. Amma a kan wannan ɗan sakamakon muka tsaya gaban mutanen kamfani ranar ƙarshe, ba mai tsoron tambaya.

Abokan aikina uku, na gode da ba ku taɓa yi mini gori ba. Sai injiniyan kamfanin da ya fahimtar da mu cewa tsayar da inji lafiyayye a kan ƙararrawar ƙarya asara ce, barinsa ya mutu cikin aiki kuma ta fi ta. Wannan kam ban taɓa jin sa a aji ba.

Malamina na gida da ya rubuta mini wasiƙar shaida yana tsakiyar makin jarrabawa, Allah ya saka da alheri. Yaya, kuɗin motar Abuja ranar neman biza yana nan a raina.

Hajiyarmu kuwa, awa takwas ne tsakaninmu. Tara na dare a can, biyar na asuba a nan, tana kan sallaya za ta kira. Ba ta taɓa tambayar lissafi ba, kullum sai dai: "Ka ci abinci?" Daren nan da na kasa cin abinci, na ce mata na ci. Hajiya, ki yafe mini.