Buhu 140 da babu sa hannun kowa

Jiya bayan la'asar na miƙa wa Alhaji littafin lissafi da makullin akwatin rasit, ya sa mini albarka, na taso. Shekara uku da 'yan watanni ke nan ina rubuta shige da ficen albasarsa a kasuwar Adjen Kotoku da ke bayan garin Accra, wato Ankara a bakin mutanen Zango. Samari daga Aliero da Jega da Gwandu ba sa rabuwa da turo mini saƙo, kowa yana tambaya ko akwai hanya. Shi ya sa na ga gara in rubuta sau ɗaya, mai zuwa ya zo da saninsa.

Na iso cikin azumin 2022, kwanaki kaɗan bayan Gana ta buɗe iyakokinta na ƙasa da ta rufe tun zuwan korona. Ina da babbar difloma a fannin akanta, na gama bautar ƙasa, alawus ɗin naira 33,000 ya tsaya, na fi shekara ina yawo da takardu tsakanin Birnin Kebbi da Abuja, duk ofishin da na shiga tambaya ɗaya ce: wa ya turo ka? Wani kawuna direban babbar mota ne ya haɗa ni da Alhaji. A lokacin ba a cika shekara da tayar da 'yan albasa daga tsohuwar kasuwar Agbogbloshie da ke cikin Ankara zuwa nan ba, tun Yulin 2021. Sabuwar kasuwa ta yi wa masu saye nisa, kowane dila yana fafutukar riƙe mutanensa, kuma ba abin da ke riƙe mai saye kamar bashi.

Wanda ya san harkar ya san inda haɗarin yake. Albasar Galmi ta Nijar da sefa ake sayo ta, ta gida da naira, a nan kuma a sayar da sidi, kuɗin Gana. A farkon 2022 dala ɗaya ba ta fi sidi 6 da 'yan kai ba, kafin Nuwamba ta haura 13. Kuɗin da ya kwana sati biyu a hannun wani, in ya dawo ba zai sake loda maka motar da ka sauke ba. Saboda haka kafin Alhaji ya tafi Nijar a watan Oktoba sai da ya tara mu ya ce kada bashi ya wuce kwana uku, ko wane ne.

Ana cikin haka wata safiya ɗan 'yar'uwarsa, wanda ke tsaya masa a rumfa in ba ya nan, ya zo da wata mata mai kai kaya Takoradi. Ina zaune a kan benci da littafi a cinyata, 'yan dako na sauke mota, ƙaiƙayin ɓawon albasa ya cika iska. Ya ce, "Malam, a fitar mata da buhu 140. Sati biyu za ta kawo kuɗi."

Na ce, "Yaya, Alhaji fa ya ce kada ya wuce kwana uku."

"Mun yi waya da shi daren jiya."

Na juya masa littafin, na miƙa biro, na ce, "To Yaya, ɗan sa mini hannu a nan."

Bai karɓa ba. Ya ɗaga murya yadda kowa zai ji: "Ashe ɓarawo ka ɗauke ni? Ni da kayan kawuna sai na sa maka hannu? Kai yaushe ka zo garin nan?" 'Yan dako suka tsaya da buhu a ka suna kallonmu. Matar ta kawar da kai. Na janye biron, na ce Allah ya ba ka haƙuri, Yaya, na rubuta layin da hannuna, aka loda kaya.

Lambar Alhaji tana cikin wayata, akwai kati a ciki. Minti ɗaya ya isa. Ban kira ba, don kada a ce baƙon jiya ya fara kai ƙarar ɗan gida. Wannan mintin ne na fi tunawa a duk zamana na Gana. An tarbiyyantar da mu a kan cewa ba a sa na gaba da kai ya maimaita magana, ba a nuna masa rashin yarda a bainar jama'a, kuma har gobe ina ganin tarbiyya ce mai kyau a gida da masallaci. Amma dukiyar wani ce a hannuna ranar, ba tawa ba, kuma ba ni da hurumin yin kara da ita.

Sati biyu ya zama bakwai. Abin da ya shigo hannuna bai fi rabi da ɗan wani abu ba, shi ma darajarsa ta zube. Sauran, Yaya ya ce shi zai bi, daga baya ya ce matar ta daina ɗaukar waya. Da Alhaji ya dawo ya zauna a bencin nan, ya sa tabarau, yana bin layi da ɗan yatsa har ya tsaya a kan 140. Ya ce, "Wa ya ba da wannan?" Yaya bai ko ɗaga ido daga wayarsa ba ya ce shi dai ya kawo ta ne ta ga kaya, bai ce a ba ta bashi ba, ai ga rubutun mai littafi nan. Na ce, "Ranka ya daɗe, wallahi shi ya ce kun yi waya." Alhaji ya dube ni, ya dube shi, ya rufe littafin. Hukuncin da ya yanke shi ne a riƙa cire rabin albashina har wata goma.

Na kai kuka wurin wani dattijo da muke sallah tare a unguwar Nima. Ya saurare ni tsaf, sannan ya ce, "Ɗana, a bar kaza cikin gashinta." Ya ba ni labarin 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardu sati biyu su bar ƙasa, yadda ya ga maƙwabtansa sun sayar da gidaje a wulaƙance, da yadda Najeriya ta yi irin wannan korar a 1983 zamanin Shagari. Na fahimci abin da yake nufi. Fasfon ECOWAS kwana 90 yake ba ka, ni kuwa ba ni da izinin aiki. A lokacin dokar zuba jari ta Gana ta 2013 ta keɓe wa 'yan ƙasa saye da sayarwa a cikin kasuwa, baƙon da ke son yin fatauci da sunansa sai ya nuna jarin dala miliyan ɗaya, kuma kowa ya tuna yadda aka garƙame shagunan 'yan Najeriya a Kumasi da Ankara a 2019 da 2020. Mai irin wannan zama wurin wa zai kai ƙara? Na haɗiye.

Abin da ba a rubuta a littafin ba shi ne akwai yarinyar da ke jirana a gida. An kai gaisuwa, mahaifinta ya ce in fito kafin Babbar Sallar 2023. Da rabin albashi nake biyan ɗaki, in ci abinci, in tura wa mahaifiyata, ga shi bayan cire tallafin mai a ƙarshen Mayu kiran da ke zuwa daga gida ya ninka. Akwatin lefe biyu kawai na iya haɗawa. Na roƙi a ƙara mini wata shida, aka ce an gaji da gafara sa ba a ga ƙaho ba. Ba na zarginta, ba na zargin mahaifinta, uba yana da haƙƙin ya duba wa 'yarsa. An ɗaura mata aure da wani bayan Sallah da sati uku. Ranar ina rumfa ina ƙirga buhu.

A farkon 2024 sai ga matar Takoradi a wata rumfa can gaba da tamu. Na bi ta na gaishe ta, na tambaye ta cikon kuɗinmu. Ranta ya ɓaci. Ta ciro waya daga jaka, ta yi ta gangarawa cikin tsofaffin saƙonnin MoMo, wato tura kuɗi ta waya, ta ɗora mini a tafin hannu: turi uku, duk a Disambar 2022, duk zuwa lambar Yaya, da sunansa a rubuce ɓaro-ɓaro. Hannuna na rawa na ɗauki hotonsu. Da daddare na sami Alhaji shi kaɗai na nuna masa. Ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Na gani. Kada ka gaya wa kowa." Sati na zagayowa ya aiko mini da shadda yadi goma da ɗan ƙarin albashi. Kuɗin wata goman bai dawo ba, kalmar "an zalunce ka" ba ta fito daga bakinsa ba, Yaya kuma yana nan a kujerarsa har yau. Na san hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Na kuma san Alhaji ya yi mini alheri a wasu wuraren, ya biya mini kuɗin asibiti da zazzaɓi ya kayar da ni, ba zan ɓoye ba. Amma shadda ba ta biya ni ba.

Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, umarni ce a rubuta bashi a kuma kafa shaidu. Na haddace ta tun ina Islamiyya, amma sai a Adjen Kotoku na gane cewa muminai ta yi wa magana, mutanen da suka yarda da juna. Tun daga ranar hukuncin ban sake fitar da ko rabin buhu ba sai da rasit mai kwafi biyu da sa hannun wanda ya ba da umarni, wanda bai iya rubutu ba ya dangwala. An yi ta ce mini ɗan boko, an ce na cika tsirfa. Da aka yi juyin mulki a Nijar ranar 26 ga Yulin 2023, aka rufe iyakoki, motocin albasa suka maƙale a hanya kaya na ruɓewa, rumfuna da yawa rigima ta kaure tsakanin diloli da direbobi da masu kaya kan wa zai ɗauki asara. A tamu kwana biyu aka yi aka raba lissafi, don kowane buhu yana da takardarsa. Diloli uku suka aiko yaransu in nuna musu yadda nake tsara littafi.

Sauran abubuwan ƙanana ne. Ka koyi yaren Tuwi na mutanen Gana ko na ciniki ne. Kada ka yi wa Hausar Zango dariya don sun ce wa mace "ya zo", su ne za su ba ka masauki. Kada ka tara ajiyarka a kuɗin ƙasa ɗaya. Kada ka ba kowa aron layinka na MoMo. Batun siyasa kuwa, na ga abokai sun daina gaisawa a teburin mai shayi saboda zaɓen 25 ga Fabrairun 2023, wannan Kwankwaso, wancan Atiku, wani Tinubu, alhali ko ɗayanmu bai jefa ƙuri'a ba, tunda ɗan Najeriya da ke waje ba shi da damar yin zaɓe. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne Disambar 2024, da Bawumia, ɗan takarar jam'iyya mai mulki a lokacin, ya fito washegarin zaɓen shugaban ƙasar Gana ya taya abokin hamayyarsa Mahama murna tun hukuma ba ta bayyana sakamako ba, muka buɗe rumfa kamar kullum.

Gobe bayan asuba zan bi motar kawuna da ta sauke kaya. Na kama hayar fili a Aliero, bana da kaina zan yi noman rani, in Allah ya yarda in riƙa turo kaya nan da sunana a jikin buhu. Yaron da zai gaje ni ɗan Jega ne, shekararsa 23, mai kunya ƙwarai, da ƙyar yake haɗa ido da manya. Na zaunar da shi na nuna masa shafin Oktoban 2022, na ba shi labarin tun daga farko, na sa masa lambar Alhaji a waya da hannuna. Da zan fita Yaya ya tare ni a bakin rumfa yana fara'a, ya ce in na fara turo kaya in riƙa turowa ta hannunsa, ai mun zama 'yan'uwa. Na ce masa Allah ya kai mu. Hoton saƙonnin nan uku yana cikin wayata, ban goge ba.