Gida mai araha a Vermont: ribar da ba duka tawa ba ce

Kashi 25 cikin 100. Abin da ya zama namu ke nan daga ƙarin darajar gidan da muka sayar a jihar Vermont ta Amurka, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Tun 1987 majalisar jihar ta kafa hukumar gidaje da kare filaye, ana ba ta kaso daga harajin cinikin gida da fili. Sharaɗin kuɗinta shi ne gidan da aka tallafa ya dawwama da araha, kowa ya zo saye ya tarar da shi haka. Ƙungiyar da ta sayar mana da gidan a ƙarƙashin tallafin hukumar, ita ta riƙe filin, mu muka mallaki ginin, tallafin kuma ya ɗauke mana kuɗin kafin alƙalami. Da irin albashina, ba don haka ba, da a gidan haya za mu tsufa.

Ba wanda ya ɓoye mana komai, an karanta mana sharaɗin tiryan-tiryan. Amma ranar sa hannu, mutum makulli yake hange. Sai ga korona a 2020, masu kuɗi daga New York da Boston suka yi ta kwararowa, farashin gidaje ya yi tashin gwauron zabi. Maƙwabcinmu da ya sayi nasa a kasuwa ya sayar ya kwashe ribarsa cas. Mu da aiki ya tashe mu, mai kimanta gidaje ya zo da na'urar awo, ya leƙa ɗakin ƙasa, ya ƙwanƙwasa tukunyar ɗumama gida, ya rubuta farashin da ya sa uwargida ta yi hamdala. Da aka buga lissafi, cikin kowace dala 100 da ta ƙaru, 75 a jikin gidan suka tsaya don mai saye na gaba ya samu da sauƙi. Na san adalci ne, haka mu ma muka samu. Zuciya ce ba ta jin lissafi.

In za ka shiga irin wannan tsarin, sa su buga maka kasonka da dala, ba da kashi ba, a farashi daban-daban. Kafin ka canja rufi ko ɗakin girki, tambayi ko za a lissafa maka kuɗin ranar sayarwa, kuma a ba ka amsa a rubuce. Wanda kuwa yake sa ran ribar za ta gina masa bene a Kano, ya nemi wata hanyar tun wuri.