Maganar da ta ƙi fita: soyayyar matasa a fina-finan zane na Japan

Na daɗe ina kallon fina-finan zane na ƙasar Japan, waɗanda ake kira anime, kuma babu waɗanda suka fi zauna mini a rai kamar na 'yan makaranta masu tsallakawa daga ƙuruciya zuwa girma. Mutane da yawa suna ɗauka duk abin da aka zana na ƙananan yara ne, alhali kuwa a cikin waɗannan fina-finai akwai waɗanda suka san halin da zuciyar ɗan shekara 15 take shiga fiye da fina-finan da mutane suka fito a ciki da jikinsu. Abin da na lura da shi bayan kallo da maimaitawa shi ne, soyayya a wurinsu kusan kullum labari ne na maganar da ta tsaya a maƙogwaro. Yaro da yarinya sun san abin da ke ransu, mai kallo ma ya sani, amma sai fim ya kusa ƙarewa ba a furta ba, kuma a cikin wannan jinkiri ne yaran suke yin hankali.

Wannan yana da tushe a rayuwar ɗalibin Japan. Shekarar karatu tana farawa ne a watan Afrilu, lokacin da itatuwan sakura suke fure, ta ƙare a watan Maris. Bayan shekara 6 na firamare akwai shekara 3 na ƙaramar sakandare da wasu 3 na babbar sakandare, kuma a ƙarshen ƙaramar sakandare da na babbar sakandare akwai jarrabawar shiga makaranta ta gaba wadda take raba abokai. Saboda haka lokacin da aka ba mutum ya faɗi abin da ke ransa ƙayyadadde ne. Ga kuma abin da suke kira kokuhaku, wato mutum ya tsaya gaban wanda yake so ya bayyana masa a fili, kuma kafin a yi haka ba a ɗaukar cewa akwai wani abu a tsakani. Hatta kiran suna yana da matakai: ɗalibai sukan kira juna da sunan iyali haɗe da kalmar ladabi ta Japananci, "san" ko "kun", don haka ranar da yarinya ta kira yaro da ainihin sunansa, mai kallo a Japan ya san an ƙetare wata iyaka.

A fim ɗin Toki wo Kakeru Shojo na Mamoru Hosoda, wanda ya fito a 2006, wata yarinya mai suna Makoto ta sami ikon komawa baya a lokaci. Wata rana da yamma, abokinta Chiaki yana ɗauke da ita a bayan keke, sai ya nemi su fara soyayya. Maimakon ta ba shi amsa, sai ta koma baya don kada maganar ta taso, ta yi ta maimaita haka har ta shafe ta gaba ɗaya, daga baya kuma ta gane girman abin da ta yi wa yaron da ya tattaro dukan ƙarfin halinsa ya yi magana. A Byosoku 5 Centimeter na Makoto Shinkai kuwa, na 2007, yaro ɗan shekara 13 ya hau jirgin ƙasa daga Tokyo zuwa tashar Iwafune don ganin yarinyar da suke musayar wasiƙu, dusar ƙanƙara ta jinkirta jirgin sama da awa 4, iska kuma ta fizge wasiƙar da ya rubuta mata a wata tasha a kan hanya. Ya iso ya tarar tana jiransa, amma abin da ya rubuta bai taɓa isa hannunta ba.

Wanda ya fi shahara a wannan rukuni shi ne Kimi no Na wa, wato "Sunanka", shi ma na Shinkai, wanda ya fito a 2016 ya tara sama da yen biliyan 25, kuɗin ƙasar, a Japan kaɗai. Taki ɗan Tokyo ne, Mitsuha 'yar wani ƙaramin gari ce a tsakanin duwatsu, suna farkawa kowane a jikin ɗayan, ga tauraruwa mai wutsiya da ke shirin halaka garin. Ba a raba wannan labari da girgizar ƙasa da ambaliyar teku ta 11 ga Maris 2011, wadda ta share garuruwa a arewa maso gabashin ƙasar. Wurin da ya fi taɓa ni shi ne inda suka yi shawarar rubuta sunayensu a tafin hannun juna don kada su manta, sai daga baya Mitsuha ta buɗe hannunta ta ga Taki bai rubuta sunansa ba, cewa ya yi yana son ta. Duk da haka, a ganina fim ɗin ya jingina da al'ajabi fiye da kima, domin ƙaddara ce ta haɗa su, ita ce kuma ta yi mafi yawan aikin.

Shi ya sa na fi ɗaukaka Mimi wo Sumaseba na kamfanin Ghibli, wanda ya fito a 1995. Shi ne fim ɗaya tilo da Yoshifumi Kondo ya ba da umarninsa kafin rasuwarsa a 1998 yana da shekara 47. Babu sihiri a ginshiƙin labarin. Shizuku 'yar shekara 14 ce mai son karatu, ta lura cewa duk littafin da ta ara a laburare akwai sunan wani Seiji Amasawa a katin aro kafin nata. Da suka haɗu sai ta gano yana koyon ƙera gogen Turawa, kuma ya riga ya yanke shawarar tafiya birnin Cremona na Italiya don gwajin wata 2 a wurin wani gwani. Abin da ya kama ta ba kishi ba ne, kunya ce, ta ganin sa'anta ya san inda ya dosa ita kuwa ba ta sani ba. Sai ta ɗaura ɗamarar rubuta labari a cikin waɗannan watanni, a shekarar da ya kamata ta duƙufa ga jarrabawa, har makinta ya faɗi aka zauna da ita a gida. Mahaifinta ya bar ta ta gwada, tare da gargaɗin cewa wanda ya bi hanyar da ba ta kowa ba, ba shi da wanda zai zarga idan ta ƙi.

Akwai wani wuri a fim ɗin da ba na gajiya da shi. Shizuku ta kai rubutunta ga kakan Seiji, tsoho mai shagon kayan tarihi, ta ƙi zama a cikin ɗumi, ta fita waje ta takure cikin sanyi har ya gama karantawa. Ya faɗa mata gaskiya, cewa aikin yana da kyau amma ɗanye ne, kamar dutsen da ya taɓa nuna mata mai jauhari a ciki wanda ba a goge ba. Ta fashe da kuka, domin ita ma ta riga ta san haka. Da Seiji ya dawo ya ɗauke ta a keke da asuba suna hawan tudu, sai ta diro tana tura keken daga baya, don ba ta yarda ta zama kaya a wuyansa ba. Soyayyar da ta sa yarinya ta auna kanta, ta gano gibin da ke gare ta, ta koma aji da niyyar ƙara ilimi, ita ce na fi gaskatawa.

Ba duka ne nake yabawa ba. Akwai wani salo da ya yi yawa, inda ake kawo yarinya mai fara'a wadda ke ɗauke da cutar ajali, aikinta kawai ta koya wa yaro mai shiru-shiru daɗin rayuwa sannan ta mutu. Hawaye yana zuba, amma yarinyar ba ta samu ta zama mutum mai nata buri ba.

Koe no Katachi, wato "Siffar Murya", na Naoko Yamada, ya kauce wa wannan tarko. Kamfanin Kyoto Animation ne ya yi shi a 2016, shekara 3 kafin gobarar ganganci da ta kashe ma'aikatansa 36 a watan Yulin 2019. Shoko kurma ce, ta shigo aji 6 na firamare da littafin da take magana da mutane ta cikinsa. Wani yaro ɗan ajinsu mai suna Shoya ya tsangwame ta, ya lalata mata na'urorin ƙara ji har guda 8, mahaifiyarsa ta biya yen miliyan 1.7, sannan abokan da suka taya shi suka juya masa baya. Ya girma yana ƙin kansa, bai iya ɗaga ido ya dubi kowa, kuma fim ɗin yana nuna haka ta hanyar ɗora alamar X a fuskokin mutane da yawan nuna ƙafafu da daɓen ƙasa, wato abin da mai sunkuyar da kai yake gani. Ya koyi maganar hannu, ya nemo Shoko ya mayar mata da littafinta.

A nan maganar da ta ƙi fita ba ta kunya kaɗai ba ce. Wata rana Shoko ta ajiye maganar hannu, ta yi ƙoƙarin faɗa da muryarta cewa tana son sa. Kalmar ita ce suki, shi kuwa sai ya ji tsuki, wato wata, ya ɗauka zancen farin wata take yi. Ta gudu gida ta kifa fuska a kan gado. Fim ɗin bai sake dawo da wannan furuci ba, kuma bai ƙare da su a matsayin saurayi da budurwa ba. Abin da Shoya ya iya faɗa mata a kan gada, bayan dukansu biyu sun leƙa bakin mutuwa, shi ne neman gafara ta gaskiya da roƙon ta taimaka masa ya ci gaba da rayuwa. Daga nan sai ranar bikin makaranta, inda ya tsaya a tsakiyar taro ya sauke hannayensa daga kunnuwansa, hayaniyar mutane ta shigo, alamomin nan suka zube daga fuskoki gaba ɗaya, shi kuma ya tsaya a wurin yana kuka.